Taron masu otal da na je a Birnin Kebbi, tauraro 3 na ba su cikin 5

Sati biyu ke nan da anka gama taron nan na yini ɗaya da wani kamfani ya shirya ma masu otal da gidajen abinci a wani zaure nan Birnin Kebbi, sai yau na samu zama in faɗi yadda na gan shi. Ni ɗaliba ce, karatun kula da baƙi da girki nike yi, wanda mutane ke ce ma ketarin, kuma gaskiya neman wurin IT, wato wurin koyon aiki a aikace, ya kai ni, don lokacin SIWES ɗinmu, shirin da ake tura ɗalibai koyon aiki, ya matso, kuma kowa ya sani in ka kai takarda risefshan ka ajiye to ka ajiye ke nan, ba mai kiranka sai in wani babba ya san fuskarka.

Kuɗin shiga na ɗalibai N3,000 ne in ka nuna katin makaranta, wannan sun kyauta. Rajista ba layi ba hayaniya. Amma katin da sunka rataya muna a wuya suna kawai anka rubuta, ba wurin aiki ba muƙami, to ta ina zan gane wanga manaja ne wancan mai gidan abinci ne? Haka na dinga kallon mutane ina jin nauyin in tambaya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne hutun shan shayi. A takarda minti 30 sunka rubuta, ni kuma shi na sa ma rai, har kati 20 na bugo da sunana da lambata da abin da na iya. Sai babban baƙo ya makara, anka yi ta jawabin maraba da jero sarautu da muƙamai, da lokaci ya ƙure sai mai gabatarwa ya ce kowa ya sha shayinshi a kujera a ci gaba. Wallahi na ji zafin wannan, don mu ɗalibai wannan ɗan lokacin shi muka biya ma kuɗi, manya kuwa dama sun san juna, suna fita sai musabaha da dariya. Kuma mace ba za ta ratsa taron maza haka kawai ta miƙa kati ba, kowa ya san garinmu. Da sun jera tebura sun haɗa ɗalibi biyu da manaja ɗaya a kowane, da an wuce wurin.

Lacca ɗaya kam ta shige ni, ta wani dattijo da ya daɗe yana riƙe otal. Maganar bikin kamun kifi na Argungu ya yi, wanda anka fara tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya ce da anka dawo da shi a Maris 2020 bayan kusan shekara 10 ba a yi ba, baƙi da yawa nan Birnin Kebbi sunka kwana suna sammako zuwa Matan Fada, kogin da ake kamun kifin. Ya ce yaron risefshan da baƙo zai tambaya ina gidan tarihi na Kanta yake ya kasa amsawa, ko bai san bikin Uhola a Zuru ake yi ba, bikin Rigata na wasan jiragen ruwa a Yauri, to bai gama koyon aiki ba ko da ya iya shimfiɗa gado. Sai da na cika shafi biyu. Matsalar kawai makirfo na ta yankewa duk sanda anka koma janareta.

Abinci kuwa, taron masu otal a kawo jalof mai sanyi ƙarfe uku saura, haba. Kifin dai ya soyu.

Inda rabona ya zo shi ne wajen alwalar Azahar. Wata Hajiya na neman buta na miƙa mata tawa, bayan mun idar na durƙusa na ce Hajiya ina wuni, ɗaliba ce ni ina neman wurin IT. Ashe ita ke girkin manyan bukukuwa da taruka, ta ce ita ma kwas ta yi a NIHOTOUR, makarantar koyon aikin otal da yawon buɗe ido ta Bagauda. Ba ta ko kalli katina ba, ta ce 'yata mi hannunki ya iya? Na ce waina da miyar taushe, tuwon shinkafa na mutum 50, samosa da kek. Ta ce in turo hoto a WhatsApp, sannan ta ce Baba ya kira ta da kanshi, don ta san yadda iyaye ke ji in anka ce aikin otal. Nan take na ji hawaye, don ita ce maganar da muke ta yi a gida tun da na shiga karatun nan. Daren na tura, Baba ya kira washegari sunka daɗe suna magana.

Guruf ɗin WhatsApp da kamfanin ya ce zai buɗe ma mahalarta har yau shiru, satifiket ma sun ce sai an kira mu. In sun sake shiryawa zan je, amma sai na tambaya ko sun gyara maganar hutun shayi. Litinin in Allah ya kai mu zan fara zuwa wajen Hajiya, ta ce in zo da efuron ɗina ƙarfe bakwai.