Ƙananan fitilun LED a gefen tirela: yadda suka yi mini bayan zafi, damina da hazo

Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Illela da dare, ko ta Tambuwal zuwa Jega, ya san babbar mota kai da wutsiya kawai ake gani. Tsakiyarta duhu ne. Tirela mai bodi ƙafa 40 in tana fitowa daga gidan mai, ko tana karya kwana a mahaɗa, titin gaba ɗaya take tarewa, mai babur da ya taho daga gefe kuwa ba ya ganin komai sai ya zo dab da ita. Wannan ne ya sa na sa wa DAF ɗina ƙananan fitilun gefe na LED. Motar siminti take ɗauka daga Kalambaina, lokacin albasa kuma ta yi Kudu, saboda haka rabin rayuwarta a tafiyar dare ne. Yanzu fitilun sun ga zafin bazara, sun ga damina, sun ga hazo, ina ganin zan iya faɗin abin da na gani.

Irin da na saya su ne 'yan ƙananan nan masu zagaye, faɗinsu bai wuce maɓallin babbar riga ba, kowace da zoben roba da ke riƙe ta a cikin rami mai milimita 19. Ba noti, ba kusa: a huda ƙarfe, a cusa robar, a danna fitilar ta zauna. A jikin ledarsu an rubuta suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 10 zuwa 30, kuma wannan rubutun shi ne abu na farko da mai saye zai duba. Manyan motocinmu irin su DAF da MAN da Howo batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24, ƙananan motoci kuwa 12 ne. A kasuwa akwai masu kama da su sak waɗanda na 12 ne zalla, in aka jona su a tirela sukan yi haske mai ƙarfi na ɗan lokaci su ƙone. Mai shago ba lallai ya tambaye ka wace mota za ka sa wa ba.

Aikin sawa shi ne inda kuɗina ya fi tafiya, kuma ban yi da-na-sani ba. Mai wayarin ɗin da ya yi mini, dattijo ne da ya daɗe a kan manyan motoci, ya ƙi taɓa dirila sai da ya gwada kowace fitila a kan batir. Yaron motata ya miƙo masa wata yana cewa ta mutu, sai ya juya wayoyin ta kama nan take. Ya dube ni ya ce: "Alhaji, wagga hitila hwarar waya ita ta as, baƙar ita ka ɗaukar wuta." Mu nan mun saba baƙar waya ita ke zuwa jikin ƙarfe, amma da yawan waɗannan fitilu an ƙera su ne bisa tsarin tirelolin Amurka, inda fara ce as, wato ita ke zuwa jikin ƙarfe. Ita kuma LED ba kamar tsohon ƙwan fitila ba ce, ta hanya ɗaya kawai wuta ke bin ta. Na tabbata an zubar da fitilu masu rai da yawa a garejin garin nan saboda wannan kaɗai.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne bai yarda da murɗa waya a naɗe da salatif ba. Kowane mahaɗi sai da ya yi masa dalma, ya zura masa robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, sannan ya bi da wayar ta cikin siririn tiyo ya ɗaure ta a jikin shasi, nesa da salansa da duk inda ƙarfe ke goga. As ɗin ma waya ya ja masa ta musamman tun daga gaba har baya, domin a cewarsa bodin da ya sha walda da tsatsa ba abin dogaro ba ne. Wutar ya ɗauko ta daga layin fitilar fakin, da ɗan ƙaramin fis nata na kanta. Da direba ya kunna fakin, gefe ya kama, ba wani makunni na daban da zai manta da shi. Tazarar da ya bari tsakanin fitila da fitila ba ta wuce mita 3 ba, wanda shi ne ƙa'idar Turai ga dogayen motoci, kuma ta ishi mai tahowa ya gane abu ɗaya ne dogo a gabansa.

Wajen cin batir ba ni da abin cewa sai yabo. Tsohon ƙwan gefe wat 5 yake ci, waɗannan kuwa kowace ba ta kai wat 1 ba, wato guda 20 ba su kai cin tsofaffin ƙwai huɗu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga motar da kan lalace a hanya. Direbana, da taya ta fashe masa cikin dare a hanyar Gusau, ya kashe inji ya bar fakin a kunne har gari ya waye, da safe ya murɗa makulli ta tashi. Da can in haka ta faru sai dai a karyo ganye a jera a titi, ganyen da ba wanda ke gani a duhu.

Girgiza ma ba ta dame su ba. Tsohon ƙwai yana da siririn zare a ciki wanda ramukan hanya ke tsinkawa, LED ba ta da shi. A cikin hazon Disamba da Janairu kuwa, fitilar, da yake haskenta ruwan ɗorawa ne, ana hango ta daga nesa fiye da yadda na zata, in dai an goge ƙurar da ke kanta. Nan ne aikin yaron mota ya ƙaru: garin siminti da jar ƙasa suna rufe ta ruf a tafiya guda, tunda fuskarta ƙarama ce ƙwarai. Tsumma mai ɗanshi kafin a tashi ya wadatar.

Inda suka gaza shi ne robar. Ranar Afrilu da Mayu a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana busar da zoben nan ya yi tauri ya tsattsage, musamman a ɓangaren da ke kallon rana in mota na fake a gareji. Da robar ta saki, fitilar sai ta fara rawa a raminta, wasu ma suka zube a hanya suka bar waya tana lilo. An rubuta musu IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga kuma suna jure nutsewa a ruwa na ɗan lokaci, kuma gaskiya ruwan sama bai yi musu komai ba. Amma wannan lamba ba ta ɗauki alkawarin injin wanki mai feshi da ƙarfi ba. Waɗanda ke kusa da tayoyin baya, inda masu wanki suka fi kafa bakin tiyo, su ne suka fara yin gumi a ciki, haskensu ya dusashe. Kuma ba a gyara su, tunda a toshe suke. Wadda ta mutu sai sabuwa. Mai saye ya ƙara 'yan kaɗan ya ajiye a mota, ya kuma nemi zoben roba daban in ya samu.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne yadda wasu 'yan'uwana masu motoci suka mai da fitilun nan kwalliya. Sai ka ga tirela ta taho da shuɗi da kore da ja duk a haɗe suna walƙiya, ka rasa gabanta ka rasa bayanta. Launin nan magana yake yi da direban da ke tahowa: fari a gaba, ruwan ɗorawa a gefe, ja a baya. In ka sa ja a goshin mota, ka gaya masa tafiya kake a gabansa alhali kansa ka nufo. Shuɗi mai walƙiya kuwa na jami'an tsaro da motocin agaji ne. Haka kuma fitilar gefe ba ta maye gurbin tef mai ƙyalli da 'yan Road Safety ke nema a jikin manyan motoci, domin shi tef yana aiki ko batir ya mutu. Nawa yana nan, fitilun a samansa suke.

Ga mai tirela, ko tanka, ko Canter mai dogon bodi da ke kwana a hanya, ina ba shi shawarar ya sa, da sharaɗin ya samu mai wayarin da zai ba aikin yini guda cur, kuma ya tsaya a kansa ya ga an yi dalma. Mai ƙaramar mota ko a-kori-kura da ba ta wuce cikin gari, fitilun da kamfani ya sa mata sun ishe shi in suna aiki. Ni dai motar tawa ta biyu za ta shiga gareji kafin lodin albasa ya kankama, kuma wannan karon masu ƙwarya mai faɗi da ake ɗaurewa da noti biyu zan sa a kusa da tayoyin baya, 'yan ƙananan su tsaya a sauran bodin.