Jimbocho: Zagayen Shagunan Littattafai na Tokyo da Ƙafa

Mai son tsofaffin littattafai idan ya shiga Tokyo, unguwar Jimbocho ce wurin zuwa. Shagunan sun haura ɗari, yawancinsu masu zaman kansu, kowa da fanninsa: wannan tarihi, wancan taswira, na gaba hotunan tallar fim.

A sauka a tashar jirgin ƙasa ta Jimbocho, a bi titin Yasukuni ta gefen kudu. Nan shagunan suka yi jerin gwano, ƙofofinsu na kallon arewa don kada rana ta koɗar da bangon littafi. A fara da akwatunan bakin ƙofa, nan araha take. Masu tsadar suna can ciki, wasu a kulle cikin gilashi. Wanda ba ya karanta Japananci ya nufi shagon Kitazawa, da aka kafa a 1902, ya hau bene, a nan littattafan Turanci suke.

Sai dai wurin na da nasa aibin. Tsakanin kantoci akwai matsi, jakar goyo tana iya rushe tulin littattafai, gara a riƙe ta a hannu. Sammako ba shi da amfani, sai wajen ƙarfe 10 ko 11 ake buɗewa, da magariba a rufe, wasu kuma ba sa fitowa ranar Lahadi. A riƙe tsabar kuɗi, ba kowa ke karɓar kati ba. Kafin a biya, a buɗe tsakiyar littafin a duba ɗinkinsa da tabon danshi.

Ƙarshen Oktoba ake bikin tsofaffin littattafai na Kanda, yankin da Jimbocho take ciki. Akwai rangwame, amma cunkoson ba a magana.