Wurin renon dashe da ke kan hanyar Ejisu

Damina biyu ke nan ina sayen dashe a wannan wurin, daga Aboabo da ke Kumasi nake hawa tiro-tiro in je. Maɗaci ashirin na fara ɗauka don gonar mahaifina. Ba a rufa wata takwas ba sai na ga kan kowanne ya bushe, rassa suna fitowa ta gefe kamar tsintsiya. Raina ya ɓaci, na koma da guda ɗaya a hannu.

Dattijon da ke kula da wurin bai yi musu ba. Ya tsaga tohon da farce, ga tsutsa kwance a ciki. Ya ce, "Ɗana, wannan 'yar wani malam-buɗe-littafin dare ce. Ita ke cin bargon toho, itacen ya yi rassa, katakon ya lalace." Ya ce masu bincike na FORIG, cibiyar binciken dazuzzuka ta Ghana da ke Fumesua, sun daɗe suna fama da ita, haka ma ƙwaron da ke sa ganyen odum (wani itacen katako) ya kumbura. Shawararsa: kada in jera maɗaci zalla a fili, in gauraya shi da wasu itatuwa don ya samu inuwa, in kuma riƙa datse rassan in bar guda mai ƙarfi.

Na bi, bana ɓarnar ta ragu sosai. Abin da ya dame ni ɗaya ne, da tun ranar farko ya faɗa mini. Kuma ba sa kai kaya gida, sai ka nemi aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da kanka.