80/20 ko Phosphor Bronze: wace waya ce ke ƙara wa jita kaifin amo?

Ɗan'uwanmu na Ƙofar Ƙaura ya ce jitarsa ta akwati, wadda ba ta lantarki ba, amonta ya dushe, yana so ta riƙa fita garau. Mai shago ya nuna masa fakiti biyu, ɗaya an rubuta 80/20 Bronze, ɗaya Phosphor Bronze, ya rasa wanda zai ɗauka.

Malam, in kaifin amo kaɗai kake nema, 80/20 za ka saya. Amma ka saurari sauran bayanin kafin ka fitar da kuɗinka, don kaifin nan yana da nasa sharaɗi.

Bambancin yana cikin siririyar wayar da ake naɗewa a kan ƙarfen tsakiya. A 80/20, kashi 80 jan ƙarfe ne, kashi 20 tutiya, shi ya sa launinta ya yi fatsi-fatsi kamar zinare. Ita ce tsohuwar hannu, tun shekarun 1930 ake yin ta. Phosphor Bronze kuwa, wato ta fosfo, wajen kashi 92 jan ƙarfe ne, kashi 8 kuza, sai ɗan sinadarin fosfaras da ke rage saurin lalacewa, kuma launinta ya fi ja. Kamfanin D'Addario na Amurka ne ya fito da ita a 1974. Ko ba ka karanta fakiti ba, launi ya ishe ka rarrabe su.

A kunne, 80/20 tana ɗaga saman amo, ƙasan ma ya fito a tsaye, tsakiyar ce take ɗan ja baya. Ka yi kaɗi ɗaya ka ji kowace waya ta yi magana daban. Ta fosfo tana cika tsakiya, amonta da kauri da taushi, ya fi daɗi ga mai kaɗawa da yatsu yana rera waƙa shi kaɗai a ɗaki. Idan akwatin jitarka babba ne, mai yawan gurnani, 80/20 za ta wanke shi. Idan kuwa ƙaramar jita ce mai siririyar murya tun asali, irin masu arahar nan da suka fi yawa a hannun 'yan koyo, 80/20 tana iya mai da ita mai tsinin amo har ta gundure ka, a nan ni fosfo zan ba ka.

Wajen ƙarko fa labari ya juye. 80/20 kamar ƙosai take, daɗinta da zafi-zafi. Kaifin nan na kwanakin farko ba ya jimawa, gumin hannu da iska suna cin ta da wuri, launin ya dushe, amon ya bi shi. Mu nan Katsina ba sai an faɗa maka ba: a bazara hannu ba ya rabuwa da zufa, a hunturu ƙura ta shige tsakanin naɗin wayar ta toshe shi, da damina kuma tsatsa ta kama sirara. Ta fosfo ba ta fara da kaifi sosai ba, amma tana riƙe abin da take da shi. Bayan 'yan makonni kana kaɗawa kullum, ba mamaki ka ji tsohuwar fosfo ta fi tsohuwar 80/20 fita. Saboda haka ka tambayi aljihunka: za ka iya canji a kai a kai? In eh, 80/20. In sai ta tsinke kake canjawa, kamar yadda yawancinmu muke yi, ɗauki fosfo ka huta.

Akwai abin da masu shago ba su cika faɗa ba. A cikin wayoyi shida, huɗu ne kawai masu naɗi. Sirara biyun ƙasa, B da ƙaramar E, zallar ƙarfe ne a kowane fakiti. Idan su ne kake jin sun mutu, sauya 80/20 da fosfo ba zai yi musu komai ba, sabunta su ne magani. Ina ma zargin matsalarka ke nan gaba ɗaya, domin ba ka faɗi yaushe rabonka da canji ba. Wayar da ta shekara a jikin jita, ko wace iri ce, ta riga ta gama aiki, kuma sabon fakiti kowane iri zai ba ka mamaki.

Sai kauri. Lambar da ke fakiti, irin 10-47, 11-52, 12-53 ko 13-56, kaurin ƙaramar waya da babba ne. Sirara sun fi sauƙin dannawa, amonsu siriri, amma ba su da ƙarfin girgiza katakon akwati. Masu kauri sun fi ƙara da cika, sun kuma fi cin yatsa. Ni 12-53 nake ba mutane shawara, 11-52 ga wanda yatsunsa ba su yi kanta ba tukuna. A wajen D'Addario, 12-53 ta 80/20 ita ce EJ11, ta fosfo EJ16. Wayoyin 12-53 suna jan wuyan jita da nauyin da ya haura kilo 70, don haka kada ka ɗora 13-56 a kan jita mara ƙwari, balle a hunturu da katako ke bushewa yana neman tsagewa.

Akwai masu rufin roba, irin Elixir da suka fito a 1997. Rufin yana hana gumi da datti shiga, suna daɗewa ƙwarai, amma da tsada, kuma rufin yana ɗan tauye kaifi. In za ka saya, a cikin ire-iren Elixir, Nanoweb ta 80/20 ta fi Polyweb fita, don rufinta ya fi siriri. Wadda aka rubuta Silk and Steel kuwa ka bar ta, taushi aka yi ta don shi.

Kafin ma fakitin ya zo, gwada kaɗawa kusa da inda wayoyin suka kafe a jikin akwati maimakon saitin ramin, za ka ji amon ya ƙara tsini nan take. 'Yar robar kaɗi siririya ma tana ƙara shi. In ka gama kiɗa, ka goge wayoyin da busasshen tsumma, sama da ƙasa, ka mai da jitar jakarta.

Ka kula da jabu, suna nan birjik da sunayen manyan kamfanoni, musamman in saƙo ka bayar a sayo maka daga Kano ko Legas. Fakitin da kuɗinsa ya yi ƙasa fiye da hankali, ko ka buɗe ka tarar da tsatsa, mai yiwuwa ba na gaske ba ne. Duk wannan bayani kuma na jitar da aka ƙera don wayar ƙarfe ne. Idan taka mai faɗin wuya ce, mai wayoyin nailan da ake ɗaurewa da ƙulli, kada ka kuskura ka sa mata ɗaya daga cikin biyun nan, jan ya kusa ninka abin da aka gina ta ta ɗauka, zai lanƙwasa wuyan ko ya ɓamɓare wurin ɗaurin.