.308 ko .30-06, wanne ya fi wa mai farautar barewa da aladen daji?

Maharban Amurka sun daɗe suna musu kan harsasan nan biyu. .30-06 shi ne dattijo, tun 1906 sojojinsu suka fara amfani da shi, .308 Winchester kuma sai 1952 ya shigo kasuwa. Kaurin kan harsashin ɗaya ne fa, bambancin a kwanso yake, na .30-06 milimita 63, na .308 kuma 51, shi ya sa na farkon ya fi cin albarushi, ya ɗan fi gudu, ya kuma fi dukan kafaɗa in ka danna kunama.

In barewa ce ni dai .308 zan ɗauka, bindigarsa ta fi gajarta ta fi sauƙin ɗauka a daji, kuma mutum bai cika tsorata ya ɓata saiti ba. Kan harsashi mai nauyin giren 150 ya isa (giren shi ne ma'aunin nauyinsa).

Alade ne ke da magana. Ƙaton namiji irin na Texas yana da wata tauri kamar garkuwa ƙarƙashin fatar kafaɗa, ga taɓo ya bushe a gashi, harsashi mai saurin tarwatsewa sai ya fashe a nan bai kai huhu ba, dabba ta gudu da rauni ta je tana wahala, abin da ba na so kenan wallahi. Nan .30-06 ke da ɗan fifiko don yana ɗaukar har giren 220. Amma .308 ma in ka sa masa giren 165 wanda aka manne darmar cikinsa da ɓawonsa ko na zallar jan ƙarfe zai ratsa. A Kalifoniya ma dole ne mara darma, tun 2019 aka hana farauta da mai darma.