Sodiyam metabisalfait, buhun kilo 25: kaya ya yi, amma ku ji wannan kafin ku farke bakinsa

Wata bakwai kenan muna amfani da wannan gishirin a ɗan wurin da muke busar da 'ya'yan itatuwa, yanzu buhu na uku ne a hannunmu, shi yasa na ga gara in zauna in rubuta ra'ayina, dan lokacin da nake neman bayani kafin in saya ba abin da na tarar sai "kaya mai kyau, ya iso da wuri". Toh ai isowar ba ita ce magana ba, maganar tana farawa ne ranar da ka farke bakin buhun.

Ga wanda bai san shi ba, farin gari ne mai ɗan ƙyalli kamar sukari mai laushi, wani lokaci da ɗan ratsin rawaya, kana buɗewa za ka ji wani ƙauri kamar an ƙyasta ashana a gaban hancinka. A jikin kwalin abinci shi ne ake rubutawa E223. Idan ka narka shi a ruwa yana sakin iskar salfa dayoksaid, ita ce ke hana yankakken tuffa ko dankali yin baƙi, tana kuma danne fumfuna da ƙwayoyin da ke ruɓar da kaya. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa wannan iskar ce, wato buhun nan ɗaya da ke jingine a sito yana riƙe da wajen kilo 16 na iskar da huhu baya shiri da ita sam. Ni dai tunda na gane wannan lissafin na daina yi masa kallon gishiri.

Wajen aiki kam ba ni da ƙorafi. Yana narkewa tas ba ya barin laka a gindin bokiti, kayanmu suna fitowa da haskensu, kuma ɗan kaɗan ake sawa, buhu ɗaya ya kai mu wata biyu da wani abu. Na abinci ne na gaske, an rubuta lambar rukuni da ranar da aka yi shi, wannan ma abin dubawa ne dan akwai na masana'antu da ake sayar wa masu rini da masu tace ruwa, sunan ɗaya ne amma kada ka yarda a ba ka shi ka zuba a abin da mutane za su ci.

Ƙorafina biyu ne kuma dukkansu manya. Na farko, kamfanin da muka saya a wurinsu sun turo mana buhu ba tare da takardar SDS ba, takardar nan mai sashe 16 da ke bayanin haɗarin sinadari da yadda za a riƙe shi. Sai da na kira sau uku kafin aka turo min, wanda ya ɗauki wayar ma cewa ya yi "ai ranka ya daɗe na abinci ne, ba wata matsala". Wallahi wannan kalmar ta "na abinci ne" ita ce ke jefa mutane a wahala, domin abin da ke shiga cikin abinci ɗan mitsitsi ne, miligiram ake lissafawa, shi kuwa ma'aikaci da cokali da sikeli yake tsaye a kan buhu guda. Alamun gargaɗin ma suna nan a buhun, hoton ruwa yana ɗiga yana cin hannu da ƙarfe, da kuma alamar motsin rai, amma an buga su ƙanana can gefen ɗinki inda ba mai kallo.

Kafin takardar ta iso abin ya riga ya faru da mu. Muna amfani da sitirik asid shi ma, kuma shi ma fari ne, buhunansu jere a kanta ɗaya. Wata safiya yaron da ke haɗa mana ruwan jiƙo ya ɗauki bokitin da aka dama asid jiya ba a ɗauraye ba, ya zuba ruwan ɗumi wai dan ya narke da sauri, ya antaya garin a kai, ga ɗakin a rufe fanka a kashe. Ina daga waje na ji tari ba ƙaƙƙautawa, ya fito ido jajur hawaye na zuba yana cewa "Oga maƙogwarona, kamar an shaƙe ni". Muka buɗe ƙofa da tagogi muka fitar da kowa, shi ya dawo daidai bayan ya sha iska, amma wata baiwar Allah da ke yanka a ɗakin gaba mai ciwon asma, wadda ko kusa da bokitin ba ta je ba, ita ce numfashinta ya riƙe har sai da muka kai ta asibiti. Alhamdulillahi ta warware. Ranar ban iya cin abinci ba, dan amanar mutanen nan a wuyana take.

Da takardar ta zo na zauna na karanta sai ga shi ɓaro-ɓaro, H302 yana cutarwa idan an haɗiye, H318 yana yi wa ido mummunar illa, EUH031 idan ya haɗu da asid yana sakin iska mai guba. Layi uku kacal, da na gan su tun ranar farko da ban taɓa jera buhunan nan wuri ɗaya ba. Kuma abin ba wasa ba ne, masu kamun jatan lande a teku suna amfani da shi dan hana baƙin tabo, an samu waɗanda suka rasa ransu a cikin rumbun jirgi saboda iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi fiye da ninki biyu, ƙasa take kwanciya, in wuri a rufe yake taruwa take yi. A Amurka ma tun 1986 hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ta hana zuba irin waɗannan sinadaran a kan ganye da 'ya'yan itatuwan da za a ci ɗanye, saboda abin da suke yi wa wasu masu asma.

Ƙorafi na biyu buhun ne kansa. Ledar ciki siririya ce kuma da zarar ka buɗe ba yadda za a yi ka sake rufe ta da kyau. Buhunmu na farko a ƙasa muka ajiye shi kan siminti, bayan sati uku na zo ɗiba sai na ji gindin ya dunƙule kamar dutse, sai da na sa hannu na ɓantaro, ƙaurin ya cika siton, ƙafar kantar ƙarfe da ke kusa ta fara tsatsa, har farantin sikelin ya dushe. Abin da ke faruwa shi ne danshi da iska suna cin ƙarfinsa a hankali yana komawa salfet, wanda ba ya hana komai yin baƙi, sai ka auna daidai yadda ka saba amma kaya su fito da duhu kana ta mamaki. Kusan kwatan buhun nan asara muka yi. In da kamfanin zai ji shawara, ya riƙa yin na kilo 5 a bokiti mai murfi dan masu ƙaramin wuri irinmu.

Yanzu ga yadda muke yi. Ranar da buhu ya iso muke juye shi a durom ɗin roba mai murfi da zobe, a rubuta suna da ranar buɗewa da manyan baƙaƙe, a ɗora kan katako nesa da bango, inda rana ba ta bugawa kuma ba famfo kusa. Asid yana wani ɗakin daban, haka bilic da duk wani abin wanki mai kulorin, kuma in kana da gishirin naitirait na adana nama shi ma kada su haɗa kanta. Cokalinsa nasa ne shi kaɗai kuma busasshe, bokitinsa ma mun sa masa jan fenti. Ruwan sanyi ake fara zubawa sannan a barbaɗa garin a hankali, a bakin taga, fankar da ke zuƙe iska waje tana aiki. Ba a cusa kai cikin durom dan a leƙa saura nawa.

Kayan kariya kuma, tabarau mai rufe ido ta ko'ina ba irin na gayu ba, safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu. Maganar takunkumi ce mutane ke kuskure, N95 ƙura kawai yake tarewa, iskar wucewa take abinta, in aikin mai yawa ne sai an nemi mai gwangwanin tace iskar asid. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka sa wa ƙurarsa miligiram 5 ne a kowace mita kubik ta iska a tsawon wunin aiki, abu ne da zazzage buhu ɗaya da gaggawa a ƙaramin ɗaki zai iya wuce shi. In ya zube a ƙasa kar a kwarara masa ruwa, a share a hankali a busasshensa a zuba a mazubi mai murfi, sai daga baya a wanke wurin. In ya faɗa ido, ruwa mai gudu minti 15 cur ana buɗe fatar idon, sannan asibiti ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. Mun liƙa wannan a bango kusa da famfo. Duk mai asma kuma mun cire shi daga ɓangaren jiƙo gaba ɗaya, kuma sabon ma'aikaci tambayar farko da nake masa kenan.

Kada a manta da masu saye ma, a Turai da Amurka in ragowarsa a abinci ya kai kimanin miligiram 10 a kilo dole a rubuta a jikin kwali, mu dai muna rubutawa a duk kayanmu, mai asma yana da haƙƙin ya sani.

Tauraro huɗu na ba garin kansa, buhu da yadda suka yi mana da takarda kuwa biyu ma da ƙyar. Zan sake saya, amma odar da na yi makon jiya sai da na ce su fara turo SDS ta waya kafin in tura kuɗi, kuma cikin awa ɗaya ta shigo.