Sharhi kan horon malamai na zaman da'ira a aji

Horon da wata cibiya mai zaman kanta ke bai wa malaman sakandare a Kano kan zaman da'ira ya cancanci a halarce shi, sai dai an tsara shi ne tamkar dukanmu muna koyar da ɗalibai 25 a ɗaki mai kujerun da ake iya ɗagawa.

A zaman da'ira, ɗalibai da malaminsu suna zama a zagaye ba tare da tebur a tsakani ba, ana miƙa wani ƙaramin abu daga hannu zuwa hannu, wanda ya riƙe shi kaɗai ke da ikon magana, kuma wanda bai shirya cewa komai ba yana iya miƙa shi gaba ba tare da an tuhume shi ba. Masu horarwar sun kyauta da suka faɗi asalin tsarin, wato al'adar 'yan asalin Arewacin Amurka, wadda alƙali Barry Stuart ya shigar da ita cikin shari'a a yankin Yukon na Kanada a 1992, kafin makarantu irin na birnin Oakland a jihar Kalifoniya su rungume ta domin rage dakatar da ɗalibai.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda suka zaunar da mu a da'irar maimakon su cika mu da lacca, har shugaban makaranta ya jira malamin da bai daɗe da kama aiki ba ya kai aya kafin ya buɗe baki. Sun kuma nanata shawarar cibiyar IIRP ta jihar Pennsylvania a Amurka, mai koyar da dabarun sasanta saɓani da gyara zumunci, cewa kusan kashi 80 cikin 100 na zaman ya kasance na gina zumunci tun kafin a samu saɓani, domin ajin da ba ya zama a da'ira sai ranar da aka yi faɗa zai ɗauke ta a matsayin kotu. Na jarraba wannan a ajina, kuma ɗaliban da ke ɓuya a bayan aji sun fara magana, saboda sun san cewa masu baki ba za su katse su ba.

Inda horon ya gaza shi ne girman aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, amma da yawanmu muna tsayawa gaban ninkin haka, a kan dogayen bencina masu haɗe da tebur. Idan kowane ɗalibi ya yi minti ɗaya, darasin minti 40 zai ƙare ba a kammala zagaye ko ɗaya ba, kuma da muka tambaya, amsar da muka samu ita ce a raba ajin, ba tare da an faɗi wanda zai kula da sauran ba. Haka nan wasu tambayoyin da ke cikin takardunsu, waɗanda duka da Turanci suke, suna neman yaro ya bayyana abin da ke damunsa a gida, alhali an tarbiyyantar da shi a kan kunya da rufin asiri, balle yarinya a gaban maza.

Kuɗin ya yi wa malami tsada idan daga albashinsa zai biya. Makarantar da za ta tura malaman aji ta nemi a yi horon a cikin azuzuwanta, kuma a sanya ziyarar bibiya a cikin yarjejeniya kafin ta biya.